Kabarin da Audi Kuku Ya Share

Shekara huɗu na yi a Amirka ina karatun duwatsu da ƙasa. Duk lokacin hutu ni da 'yan ajinmu mukan goya jaka da tanti mu shiga gandun dajin gwamnati da ke cikin hamadar can, inda ruwa ya daɗe yana cin jan dutse har ya bar kwazazzabai masu zurfin da in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Mukan yi kwana uku ko huɗu muna tafiya a ƙasa, inda rana ta faɗi mu yada zango. A can ban taɓa tambayar kaina amfanin abin ba. Sai da na dawo Daura na nuna wa gwaggona hotunan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Raihana, wato kuɗi kuka biya don ku kwana a ƙasa? Da kin faɗa mini, ga gonarmu nan ta hanyar Baure, kyauta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini. Na fara zargin cewa abin da nake ɗauka babba a rayuwata wasan 'ya'yan masu hali ne kawai, waɗanda wahala ba ta same su a gida ba sai sun fita nemanta. Na kuma ɗauka babu ko mutum ɗaya a ƙasar Daura da zan yi wannan hira da shi ya gane. A nan na yi kuskure.

A makarantar da nake koyarwa akwai wata malamar lissafi, Rauda. Wata rana ta ga hoton wani kwazazzabo a fuskar kwamfutata, ta tsaya cak da rajista a hannu.

"Irin wurin da babana yake kwance ke nan," in ji ta.

Ba ta taɓa ganin wurin ba. Tana da shekara biyu mahaifinta ya rasu a cikin duwatsun Azbin, arewa da Agadas, aka binne shi a can. Yayan mahaifin nata, wanda ya rene ta, shi ya siffanta mata wurin tun tana ƙarama har ta haddace. Sunansa Audi, mutane suna ce masa Audi Kuku. Yana sayar da shayi da safe a gindin wata bishiyar dalbejiya kusa da tasha. Ta ce sai na je mun gaisa, ta kuwa raka ni.

Na same shi dogo ne, siriri, gemunsa ya yi fari fat, yana tafiya yana ɗan jan ƙafar hagu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi takalman ƙafata kafin ya dubi fuskata.

"Ke ce Baturiyar da ta hau duwatsu? Kwana nawa kika taɓa yi a ƙasa?"

"Huɗu, Baba."

"Huɗu! Uwata, kin ji? Mu a kwana na huɗu ne Turawa suke daina yi mana tambaya, su fara yin shiru. Daga nan tafiya take daɗi."

Uwata yake ce wa Rauda, don sunanta na yanka Hauwa'u, wato sunan mahaifiyar Audi.

Na zauna a gefen bencinsa har hantsi ya ɗaga, masu shan shayi suka watse. Sai na ga abin da ya sa na dinga komawa. Ya kwashe tokar murhunsa tas ya zuba a buhu. Ya ɗauke duwatsun murhun uku ya mayar da su gindin bishiya, kowanne a gurbinsa. Ya tsince ɓawon ƙwai da ledar madara har da tsinken ashana. Sannan ya ɗauko reshen kaba ya share ƙasar yana ja da baya, yana goge sawun ƙafarsa. Da ya gama, in ba ka sani ba, ba za ka ce an taɓa hura wuta a wurin ba.

Na ce masa a gandun dajin da muka yi yawo, wannan ita ce doka ta farko da ake koya wa baƙo, ka bar wuri yadda ka same shi.

"Su a takarda suka karanta," in ji shi. "Ni Buzu ne ya koya mini da sanda."

A hankali, safiya bayan safiya, na tattara labarinsa. An haife shi a cikin birnin Daura, ba nisa da Kusugu. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona ɗaya da ba ta ciyar da gida. Yana saurayi ya bi wani fatake mai sayen dabbobi zuwa Damagaram, daga can ya wuce Agadas, ya samu aikin wanke-wanke a wani masaukin baƙi. A nan ya koyi girkin Turawa, miyar da ba ta da yaji da ƙwan da ba a bari ya nuna. Lokacin Turawa 'yan yawon buɗe ido suna zuwa da yawa idan sanyi ya shigo. Mota takan kai su bakin duwatsu ta ajiye, su yi mako ɗaya ko biyu suna ratsa kwaruruka a ƙasa, raƙuma na ɗauke da kayansu. Kowane ayari yana buƙatar jagora da mai raƙuma da kuku. Wani jagora Buzu mai suna Agali ya ɗanɗana girkin Audi ya ɗauke shi. Shekara goma suka yi tare.

Ya iya gasa burodi a cikin yashi mai zafi, ya karkaɗe shi ba tare da ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga bakin baƙo ba. Ya san ba a kafa tanti a tsakiyar busasshiyar ƙorama ko da sama ta yi garau, don ruwan da aka yi a wani dutse mai nisa yana iya isowa ba sallama. Amma abin da ya fi alfahari da shi sharar zango ce. Ya ce sauran ayaruka sukan zo bayansu su rantse babu wanda ya kwana a wurin tun damina.

"Agali yakan koma da baya ya duba. In ya tsinci ko gawayi ɗaya, ranar ba ni da shayi. A shekara ta uku ya daina komawa."

Da aiki ya yi albarka, sai ya zo gida ya tafi da ƙaninsa Harisu, autan Inna, wanda kowa ke kira Auta. Mutum ne mai shekara ashirin da takwas, da mata da 'ya ɗaya. Inna ba ta so ba. Audi ya ce mata wata huɗu ne kawai a shekara, kuma yana gefensa. A shekara ta biyu, cikin 2003, Audi ya dawo shi kaɗai da jakar Auta.

Daga nan labarin da Rauda ta sani ya fara. Maciji ya sari Auta, aka yi masa sutura a wani kwari mai jan dutse, a inuwar wata aduwa mai reshe biyu. Audi ya san wurin kamar tafin hannunsa. Kowace shekara in zai koma, Inna takan cika wata ƙaramar jarka da ruwan randarta ta ba shi ta ce ya yayyafa a kan kabarin, ya gaya wa Auta tana yi masa addu'a. Sau uku ya kai. Sannan a 2007 rikici ya ɓarke a arewacin Nijar, Turawa suka daina zuwa, Audi ya dawo Daura gaba ɗaya. Inna ta rasu bayan shekara biyu. Matar Auta ta yi wani aure a Mashi, Rauda ta tsaya a hannun Audi.

A watan da na fara zuwa shan shayin, Rauda tana goyon ɗanta na fari, wanda aka sa wa sunan mahaifinta. Ita ta kawo shawarar. Ta san a kwamfutata ana ganin kowane lungu na duniya ta hoton tauraron ɗan'adam. Ba ta sa ran za ta taɓa zuwa Azbin. Abin da take so kawai a nuna mata wurin a hoto, a buga mata a takarda ta rataye a ɗaki, in yaron ya girma ta ce masa ga kakanka nan.

Na ga abin mai sauƙi ne. Har na yi ɗokin ranar, don a karo na farko karatuna zai yi wa wani amfani a gida.

Ranar Asabar bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a zauren Audi. Ya faɗa mini sunan kwarin, wanda ba zan rubuta a nan ba, shi ya roƙe ni. Na samo shi ba wuya. Sai dai kwarin tafiyar kwana uku ne daga baki zuwa baki, da rassa kamar jijiyoyin ganye. Audi ya sa tabarau ya sunkuya.

"Wannan ai kamar faso a dugadugan tsohuwa," ya ce. "Ni ta ƙasa na san shi, Baturiya. Ta sama sai Allah, sai shaho."

Na ƙara girman hoton, muka fara bi daga rijiyar da ya ce nan mota take ajiye su. Rauda tana ta jero masa alamu da bakinta. Baba, ba ka ce bayan rijiya sai matsattsen wuri ba? Ba ka ce akwai dutse mai kamar raƙumi a durƙushe ba? Yana cewa haka ne, Uwata, haka ne. Muka yi kusan sa'a guda. Da aka fara kiran magariba, ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Nan ne."

Rauda ta matso da goyonta. Babu komai a wurin sai launin ƙasa-ƙasa. Ta taɓa gilashin da yatsa ɗaya, ta yi wa mahaifinta sallama a hankali, hawaye na zuba. Ta roƙe ni in buga mata babba, mai launi. Na sa alama a wurin na rufe kwamfutar.

Da na koma gida na sake buɗewa, don wani abu bai kwanta mini ba. Inda ya nuna ba cikin kwari ba ne. Saman wani faffaɗan dutse ne, tudu mai tsawo, ba yashi, ba bishiya ko ɗaya. Babu mai iya haƙa ko ramin gyaɗa a wurin, balle kabari.

Washegari na jira har masu shayi suka watse. Ban san yadda zan fara ba. Na ce ina ganin kamar mun ɗan kauce, ko za mu sake dubawa kafin in buga. Ya ci gaba da kwashe toka bai ɗago ba.

"A kan me na sa yatsa?"

"A kan dutse, Baba."

"To."

Ya ɗaure bakin buhun tokar, ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Abin da ya faɗa mini ke nan.

Da sassafe ne, Auta ya je tsintar itace a gindin wasu ƙayoyi. Macijin yana binne cikin yashi. Mota tana nisan kwana biyu. Agali ya ɗaure ƙafar, ya tura mai raƙuma ya yi sauri ya nemo taimako, amma kafin la'asar ta washegari Auta ya cika, kansa a cinyar Audi. Turawan su shida ne. Suka juye ruwan shansu a cikin bokiti ba wanda ya roƙe su, da shi aka yi masa wanka. Agali ya warware sabon farin rawaninsa aka yi likkafani. Su biyu suka sallace shi.

Suna cikin tura ƙasa sai Audi ya ɗaga kai ya ga ɗaya daga cikin Turawan ya ɗora na'urar ɗaukar hoto a ido. Matarsa ta danne masa hannu, ya sauke, har ya ba da haƙuri. Amma Audi ya riga ya gani. A shekarun da ya yi a duwatsun nan ya wuce tsofaffin kaburbura na mutanen da, tulin duwatsu, ya ga yadda baƙi suke hawa kansu a ɗauke su hoto, ya ga waɗanda masu neman kayan tarihi suka tone suka bar ƙasusuwa a fili. Kuma kwarin nan hanyar ayari ce.

"Na ce ba za a yi wa ɗan Inna haka ba."

Ya jera faffaɗan duwatsu a kan ramin saboda dila, ya rufe su da yashi, ya baje har ya yi daidai da ƙasa. Agali ya riƙe masa hannu ya ce, bar masa tudu, Audi, ko taƙi ɗaya ne, haka ake yi wa Musulmi. Ya fizge. Ya kwashe ragowar ƙasar a buhu ya watsar da nisa. Ya ɗauko kabarsa ya share yana ja da baya. Ya auna da ƙafa, taku arba'in daga aduwa mai reshe biyu, ka sa dutse mai kamar raƙumi a damanka. Ya ce a duk sharar da ya yi a rayuwarsa babu wadda ta kai wannan kyau.

Daminar shekarar aka yi ruwa mai yawa a Azbin. Da suka koma da sanyi, ambaliya ta sauya wa ƙoramar hanya. Aduwar babu ita, ko kututture. Duwatsu masu kamar raƙumi kuwa, da ya fara nema da gaske, ya ƙirga sun fi goma. Shi da Agali suka bar baƙi a zango suka yi yini guda suna caka sanda a yashi. Haka shekara ta biyu, haka ta uku. Agali bai taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Shi ma ya rasu tuntuni.

"Ruwan Inna fa?" na tambaya.

"Nakan tsaya a tsakiyar kwarin in tsiyaye shi a ƙasa. In dawo ta ce, ka kai? In ce na kai. Ta ce, yaya wurin? In ce aduwar ta ƙara inuwa."

Wani ɗan acaba ya tsaya ya tambayi shayi, Audi ya ce an tashi.

Ban ce masa ya faɗa wa Rauda ba, ba hurumina ba ne. Amma ban ce zan buga hoton ba, shi ma bai roƙe ni ba. Ya san ranar Litinin za ta tambaye ni a makaranta. Ya daɗe yana juya reshen kabar a hannunsa.

"Za ta rataye dutse a ɗaki ta riƙa yi masa sallama," ya ce. "Yaron nan ya taso yana yi masa sallama. Kar ki buga. Ki ce mata ina nemanta, ki zo tare da ita. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Ranar Litinin da yamma muka koma zauren. Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba, idonsa a kan tabarma. Rauda ba ta yi kuka ba. Ta gyara goyonta ta zauna kamar ana karanta mata sakamakon asibiti.

"Shekara ashirin, Baba."

"Shekara ashirin, Uwata."

"Ranar da na sauke Alƙur'ani ka ce za ka kai ni wata rana. Ka ce in zauna a inuwar aduwar in karanta masa."

"Na ce."

"Jiya na kira mamata a Mashi na ce mata an gano wurin."

Ta tashi ta yi masa sai da safe da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo, ta fita.

Mako uku ba ta taka gidan ba. Takan aika masa da abinci, amma ba ta zuwa. Audi ya rame a idona. Bai fasa fitowa shayi ba, sai dai ya daina tsokanata, ya koma ce mini Malama. A mako na huɗu Rauda ta same ni a ofis ta ce in buga mata kwarin gaba ɗaya, daga baki zuwa baki, kada in sa alama ko'ina. Na kai wani shago a Katsina aka buga a babbar takarda. Yana rataye a ɗakinta yanzu. Ta koma gaishe da Audi ranar Juma'a, takan ɗora masa yaron a cinya. Amma ta faɗa mini ba ta ƙara tambayarsa labarin Azbin ba, shi ma bai ƙara ɗauko shi ba. Alhali wannan labarin ne hirarsu tun tana 'yar shekara biyar.

Ni ce yanzu nake sauraron labaran, in ya ga dama. Ban ƙara jin kunyar hotunana ba, amma na daina nuna su. Duk wanda na duba sai in ga wuri ne da na shiga na fita ban bar kowa a ciki ba.

Wata safiya ya gama kwashe toka, ya mayar da duwatsun murhu, ya ɗauko kaba. Na daɗe ina riƙe da tambayar, ranar ta fito.

"Baba, da za a mayar da kai wannan la'asar ɗin, za ka bar masa tudu yadda Agali ya ce?"

Ya tsaya da kabar a hannu.

"A'a, Baturiya. Da zan sake sharewa. Har yau babu wanda ya hau kan Auta ya ɗauki hoto, babu wanda ya tone shi. Wannan ban yi da-na-sani ba." Ya sunkuya ya fara shara yana ja da baya. "Amma ranar da Inna ta miƙo mini jarka ta biyu, da na zauna a gabanta na ce mata na ɓatar da shi. Da ta yi kuka, da ta yi mini faɗa, da ta yafe mini tun tana da rai."